Kanar Hillary da rigunan ceton da ba mu saya ba

Duk wanda ke zaune a Birtaniya ya san ɗan asusun nan mai siffar kwale-kwale da ake ajiyewa a gefen mai karɓar kuɗi a shaguna. Na shekara uku ina wuce shi. Sai ranar da aka kawo mana wani saurayi asibiti, an tsamo shi daga teku jikinsa kamar ƙanƙara, sannan na tambayi ko su waye suka ciro shi. Aka ce 'yan RNLI ne, 'yan sa-kai, kuma ba gwamnati ce ke ɗaukar nauyinsu ba.

Wanda ya kafa ƙungiyar, Sir William Hillary, sojan ƙasa ne. Lokacin da ake fargabar Napoleon zai tsallako daga Faransa, da kuɗin aljihunsa ya haɗa runduna a yankin Essex, ya zama laftanar kanar. Dukiyar ta ƙare, bashi ya yi masa katutu, a 1808 ya tattara ya koma garin Douglas a tsibirin Man. Ba waliyyi ba ne, gudun masu bin bashi na cikin abin da ya kai shi can.

A tsibirin ne ya riƙa ganin jirage na farfashewa a kan duwatsu. A 1822 jirgin yaƙi Racehorse ya nutse, har da mutanen gari da suka fita ceto aka rasa. A 1823 ya buga takardar kira ga al'umma. Hukumar sojan ruwa ta yi burus da shi, sai ya koma wajen attajirai da masu faɗa-a-ji na Landan. Ranar 4 ga Maris 1824 aka kafa ƙungiyar.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne daren Nuwamban 1830, da jirgin St George ya makale a dutsen Conister. Yana dab da shekara 60, bai ma iya iyo ba, amma ya shiga kwale-kwalen ceto. Igiyar ruwa ta wurga shi, haƙarƙarinsa shida suka karye. Ni da nake jinyar tsofaffi na san me hakan ke nufi: numfashi azaba, tari azaba, ga ciwon huhu na jiran mutum. An fitar da kowa da rai. Bayan shekara 2 ya sa aka gina 'yar hasumiya a kan dutsen don wanda jirginsa ya fashe ya samu mafaka. Tana nan har yau.

A 2021 Nigel Farage ya kira ƙungiyar tasin masu safarar mutane, saboda tana tsamo baƙin haure a mashigin Ingila. Ba su daina ba. Cikin waɗanda ake tsamowa akwai 'yan Sudan da 'yan Chadi.

To mu fa, jama'a? A watan Yunin 2023 sama da mutum 100 suka nutse a kogin Neja wajen Patigi, suna dawowa daga biki. Kafin nan an yi na Warra a Kebbi a 2021. Kowane karo sai mu cika WhatsApp da ta'aziyya, kwana uku shiru. Amma ƙungiyoyinmu na nan Turai da Amurka na iya tara kuɗin walimar Sallah cikin mako guda.

Na san za a ce aikin NIWA ne. Gaskiya ne, kuma kada mu ɗaga mata ƙafa kan lodin wuce kima da tafiyar dare. Sai dai shi ma Hillary hukuma ya fara tunkara. Ba na cewa mu sayi jirage irin na Turawa. Mu zaɓi mashigi ɗaya, mu sayi rigunan ceto har da na yara, mu damƙa su hannun Sarkin Ruwa da 'yan kwale-kwale, don su za su fara isa wurin kafin kowace hukuma. A koya musu farfaɗo da numfashin wanda aka tsamo. Wannan horon yini ɗaya ne, kuma idan na je gida hutu a Disamba ni zan bayar da shi kyauta. Wace ƙungiya ce za ta ɗauki nauyin riguna 50 na farko?