Ra'ayinmu: Sunan Iyali Irin na Jamusawa, Ya Dace da Magariya da Dungas?

Heinrich Barth, Bajamushen da ya sauka Damagaram a ƙarshen 1852 yana kiran kansa Abdulkarim, sunan Barth gadonsa ya yi daga ubansa, uban ma haka ya gada. A Magariya kuwa, ɗan Musa Isufu sai ya zama Sani Musa, jikansa ya zama Habu Sani. Kafin a kai tattaɓa-kunne sunan kakan farko ya ɓace daga takarda. Shi ya sa wasu 'yan boko suke ganin lokaci ya yi da kowane gida zai tsayar da suna ɗaya.

Su ma Jamusawa ba da wannan tsari suka tashi ba. Wajen ƙarni na 12 ne sunayen iyali suka fara kafuwa a birane irin su Kolon, da jama'a ta yi yawa, masu suna ɗaya suka cika gari. Aka riƙa bambance mutum da sana'arsa, ko garinsu, ko siffarsa. Müller, sunan da ya fi kowanne yawa a Jamus, asalinsa mai niƙan hatsi ne; Schmidt da ke biye masa maƙeri ne. Karkara ta daɗe ba ta bi ba. A Gabashin Firisiya da sunan uba ake kiran mutum, kamar yadda muke yi, sai da Napoleon ya tilasta musu a 1811. Rajistar haihuwa ta hukuma a duk faɗin ƙasar kuwa sai a 1876 ta fara aiki.

Masu son a kwaikwayi wannan suna da hujja. Rigimar gona da gado tana sauƙi idan takarda ta nuna zuriya. Ga kuma iyaka. Mutumin Dogo-Dogo ko Malawa da ke cin kasuwar Maigatari ranar Alhamis, a nan Moussa Issoufou ne, a can Musa Yusuf. Wa da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, sai ka iske an rubuta sunan mahaifinsu iri biyu, matsalar ba za ta fito ba sai ranar jarrabawa ko neman fasfo.

Amma ɗaya ɓangaren ya fi nauyi a wurinmu. Suratul Ahzab ta yi umarni a jingina mutum ga ubansa, a kan haka kuma aka gina sunanmu. Ko mace ta yi aure ba ta rabuwa da sunan mahaifinta. Sannan Schmidt na yau yana iya zama likita ko minista, babu mai tuna maƙera. A nan ba haka ba ne. Har yanzu akwai gidajen da ke fasa ba da aure don an ce kakan yaro mahauci ne ko maroƙi, balle a zo maganar bauta. Idan aka manna wa zuriya irin wannan suna a katin ɗan ƙasa, an ɗaure jika da abin da ya kamata ya wuce. Sunan gari, wanda Aminu Kano da Shehu Shagari suka ɗauka, bai da wannan illa, sai dai rabin mutanen gari irin Waca za su zama dangi a takarda.

Don haka ba mu goyon bayan a tilasta sunan iyali. Wanda ya so ya tsayar wa gidansa da suna, a buɗe masa ƙofa. Aikin gaggawa yana ofisoshin rajistar haihuwa na gundumomin biyu, musamman Dungas da aka cire daga Magariya a 2011. A rubuta suna uku, na yaro da na uba da na kaka. Kada ma'aikaci ya rubuta sunan uba da ka, ya kwafo shi harafi da harafi daga takardar uban. Inda uban ba shi da takarda, a fara yi masa tasa kafin ta ɗan.