Ɗari Biyun Da Ake Sawa Don Armashi

Wata magana ta zauna daram a bakin samarinmu, daga majalisun Ikara zuwa tashar Maƙarfi har gindin itatuwan Hunƙuyi: wai Naira 200 da ake ajiyewa a kan tabarma kafin a raba karta ba caca ba ce, "don wasa ya yi armashi ne kawai." A ganinsu ɗan caca shi ne wanda ya sa kuɗin babur ko ya jinginar da gona. Wasu manya ma sun fara sassautawa, suna cewa gara yaro ya zauna nan da ya tafi wani wurin. Ni ban yarda ba. Ƙanƙantar kuɗin ita ce ƙugiyar, kuma gwanayen caca na duniya da kansu ne shaiduna.

A Amurka akwai wasan karta da ake kira foka, wanda tun 1970 ake gasar duniya a kansa a Las Vegas. A nau'insa da ya fi shahara, ana ba kowa kati 2 a ɓoye daga cikin 52, a shimfiɗa 5 a tsakiya kashi-kashi, ana zuba kuɗi zagaye huɗu. Akwai tsarin da aka ƙayyade abin zubawa: in 100 ce to 100 ce, sai a zagaye biyu na ƙarshe ta koma 200. Ba mai iya tura duk abin da ya mallaka lokaci guda. In ana neman caca mai ladabi, wadda ba ta tsorata kowa, to ita ce wannan.

Mai kati mara amfani ba ya shan wahala, ajiyewa yake yi ya huta. Mai kati gagara-badau shi ma hankalinsa kwance. Wahala tana wurin na tsakiya. A ce kana riƙe da Sarki da 9, aka shimfiɗa Sarki da 7 da 3. Kana da Sarki biyu ke nan, ka fi mafi yawan mutanen teburin, amma duk mai Sarki haɗe da katin da ya fi 9 ya sha gabanka, kuma ba ka ganin hannunsa. Ka zuba ko ka yi shiru? In wani ya ƙara, ka bi ko ka janye?

A 2004 Ed Miller da David Sklansky da Mason Malmuth suka fitar da littafi sukutum a kan teburan ƙaramin kuɗi, kuma shawararsu ga mai irin wannan hannu ita ce ya zuba, kada ya ji tsoro. Dalilinsu shi ne abin da nake so samarinmu su ji da kyau. A teburin ƙaramin kuɗi mutane ba sa janyewa. Mai 7 biyu zai bi, mai 3 biyu zai bi, wanda ba shi da komai sai fata shi ma zai bi, kowa na cewa ai ɗari ce kawai. Gwani yana da lissafinsa: in akwai 1,000 a tsakiya kuma 100 ake nema ya bi, ya isa ya ci sau ɗaya cikin 11 ya mayar da kuɗinsa, don haka ya san lokacin bi da lokacin ajiyewa. Sauran suna bi ne ba lissafi, don abin bai kai ya yi musu zafi ba. Ribar gwani gaba ɗaya daga aljihun masu cewa "ai kaɗan ne" take fitowa. Dabarar da ake koyarwa ke nan, kuma ba ta aiki sai da irin wannan mutum a teburin.

A nan zan ɗan juya ga iyayenmu da malamanmu. Ku daina ce wa yaran nan karta sa'a ce zalla. Sun san ba haka ba ne, domin suna ganin mutum ɗaya yana yawan cinye su, kuma da zarar sun kama babba da kuskure ɗaya sai su watsar da sauran nasihar. Akwai gwaninta. A 2015 masana a Jami'ar Alberta ta Kanada, ƙarƙashin Michael Bowling, sun sanar da wata manhaja mai suna Cepheus wadda ta ƙware a foka mai ƙayyadadden kuɗi na mutum biyu, har mutum zai ƙare rayuwarsa yana wasa da ita bai iya nuna ya fi ta ba. Sai dai gwaninta ba ta haifar da ko kwabo. Kwashe shi take daga wanda bai iya ba. A Las Vegas baƙo ne wanda ba za ka sake gani ba. A Paki ko Gubuci ko Likoro ɗan ƙanin babanka ne, wanda gobe za ku tsaya sahu ɗaya a masallaci.

Mu foka ba ta dame mu ba tukuna, sai ɗan abin da ke shigowa ta waya. Tamu ita ce Whot, wadda William Storey ya ƙirƙiro a Ingila aka yi mata rajista a 1935, ta zo nan ta zama 'yar gida: bol, kuros, kafet, angul da sita, ga fiktu, ga janar maket. Amma ku lura da wanda ya fi daɗewa a tabarma. Wanda aka jibga wa kati goma tun farko yakan tashi ya kakkaɓe riga. Mai zama shi ne wanda ya ce las kad, yana riƙe da lamba 20 yana murmushi, na kusa da shi ya sauke 2, ya ɗebi biyu, kafin ya farfaɗo wani ya ce cekof. Ko kuma kasuwa ta ƙare aka koma ƙirga, katin nan da yake taƙama da shi ya hau kansa da maki 20 cur. Shi ne zai ce saura ƙiris, a sake rabawa. Da 20,000 aka sa, da ya tsaya ya yi tunani. Da yake 200 ce, hannu ya riga ya shiga aljihu.

Ga kuma rabon mai wuri. Gidajen foka suna yankar kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na kuɗin tsakiya, kuma yankan ya fi ciwo a ƙananan tebura. A ce mutum huɗu ne a majalisa, kowa 200, mai tabarma yana ɗaukar 50 duk zagaye. Zagaye 30 ya tashi da 1,500 bai taɓa kati ba, kuma kowane ɗan wasa ya juya 6,000 a zama ɗaya. Ka tambayi mai saran rake a fadamun Kudan, ko mai tsayuwa kan wutar mazarƙwaila tun asuba, ko mai tsinkar tumatir a Ikara, gumi nawa ke cikin 6,000. Lokacin da kuɗin rake ya shigo hannu shi ne lokacin da tabarmin nan suka fi cika.

Ayoyin da suka hana caca a Suratul Baƙara da Suratul Ma'ida ba su ware wani adadi da aka yafe ba, kuma ta Ma'ida ta ambaci gaba da ƙiyayya, abin da duk wanda ya taɓa raba faɗan majalisa a kan ɗari biyar ya gani da idonsa. A 2024 Hisbah ta rufe shagunan caca a Kano, Kotun Ƙoli kuma ta soke dokar caca ta tarayya ta 2005, ta bar wa jihohi ikon. Amma ba wata doka daga Kaduna da za ta leƙa kowane zaure a Maƙarfi. Aikin na masu zaurukan ne da masu unguwanni da shugabannin ƙungiyoyin matasa. Duk wanda ake karta a ƙofar gidansa ya kafa sharaɗi ɗaya tun yau: a rubuta maki a takarda, wanda ya faɗi ya tashi ya ba wani wuri, kuɗi kuma ko Naira 50 ce kada ta sauka a tabarmar.