A Rubuta Wa Buhu Suna Kafin A Zuba Hatsi

Duk wanda ya taɓa ajiye hatsi ya san ɗinkin buhu ɗaya ne, ko gero za a zuba ko dawa. Sunan da aka rubuta a jikinsa shi ke hana a gauraya su. Irin wannan dabara ce masu rubuta manhajar kwamfuta suke bi: a tsara jerin ajiya sau ɗaya, a bar gurbi, galibi da harafin T, sa'an nan ranar aiki a cike gurbin, a ce wannan jeri na lambobi ne, wancan na sunaye.

Har yanzu akwai masu cewa wannan ƙaƙale ne kawai. A ganina sun manta da halin da harshen Java yake ciki kafin 2004. A wancan zamani jeri yakan karɓi duk abin da aka jefa masa. In magini ya yi kuskure ya sa suna a jerin albashi, tafintan da ke juya rubutunsa zuwa harshen inji ba zai ce uffan ba. Sai manhaja ta kama aiki, watakila ranar biyan ma'aikata, ta tsaya cik. Da gurbin iri kuwa, tafinta zai ƙi rubutun tun yana kan tebur.

Ba sabon abu ba ne. Barbara Liskov da abokan aikinta sun sa shi a harshen CLU tun shekarun 1970, Ada ma ta zo da shi a 1983. Masu harshen Go, wanda ya fito a 2009, sun ɗau shekaru suna ja da baya don gudun rikitar da harshensu, amma a watan Maris 2022 suka karɓe shi, domin mutane sun gaji da kwafe aiki ɗaya sau uku.

To, masu suka ba su rasa hujja ba. Wanda ya taɓa yin ɗan kuskure a irin wannan tsari na C++ ya ga saƙon gargaɗi mai cika shafuka. Java kuma, don kada tsofaffin manhajoji su mutu, takan goge sunan buhun bayan an duba shi, abin da C# ba ta yi ba a 2005. Amma waɗannan wahaloli na magini ne, ba na mai jiran albashi ba.

Saboda haka malaman da ke ajiye wannan darasi sai ƙarshen zango su dawo da shi ranar da ɗalibi ya fara gina jerinsa na farko.