Ciwon dajin hanyar abinci: idan numfashi ya fara wuya

A wuyan ɗan Adam akwai hanyoyi biyu da ke manne da juna: hanyar numfashi a gaba, hanyar abinci a baya. Idan ciwon daji ya kama hanyar abinci ya girma, yakan danne hanyar numfashi. Wani lokaci har ya huda tsakaninsu, ruwa ya riƙa zuba cikin huhu, majinyaci ya yi ta tari duk sa'ad da ya sha.

A wannan hali likitoci kan sa wani ɗan bututu na roba ko na saƙaƙƙiyar waya a cikin hanyar numfashi, domin ta zauna a buɗe. Ana zura shi ta baki bayan an sa majinyaci barci. Bututun yana kawo sauƙin numfashi da wuri, amma ba ya warkar da ciwon. Yana iya gocewa, majina kuma na iya toshe shi. Aiki ne na ƙwararren likita a babban asibiti.

Ga mutanen Tasawa da Mayahi, nisa shi ne babbar matsala. Daga gidan likita na gari sai asibitin gunduma, sannan Maraɗi. Cibiyar yaƙi da ciwon daji ta ƙasa tana Yamai, fiye da kilomita 700 daga Tasawa, kuma a 2021 ta fara gashin ciwon da na'ura. Dokar magani kyauta ta 2007 ta shafi ciwon daji na mata ne kawai. Saboda haka iyali kan sayar da dabba ko hatsi kafin tafiya.

A 2022 wannan ciwo ya kama mutane fiye da 500,000 a duniya, ya kashe kimanin 445,000. Yawancin masu shi ba sa isa asibiti sai ya yi nisa.

Alamar farko ita ce wahalar haɗiya. Tuwo ya fara tsayawa a ƙirji, daga baya fura ma ta gagara, mutum ya yi ta rama. Wanda ya ga haka ya je gidan likita tun numfashi bai taɓu ba.

Taba da giya suna jawo ciwon. A 2016 masana na Hukumar Lafiya ta Duniya sun yi gargaɗi kan abin sha mai tsananin zafi. A bar shayi da kunu su ɗan huce kafin a sha.