Shari'ar Fyaɗe: Tun Ran Gini, Ran Zane

Duk ran da labari ya bazu cewa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta sallami wanda aka ɗaure kan laifin fyaɗe, sai majalisunmu na Agege da Idi-Araba da Sabon Badun su ɗauki zafi, kowa na cewa an sayar da shari'a. Misali na kusa shi ne na likitan nan da Babbar Kotun Ikeja ta yanke wa ɗaurin rai da rai cikin watan Oktoba na 2023, sa'an nan cikin Nuwamba na 2024 kotun afil ta wanke shi, ta ce shaidar da aka dogara da ita ba abar amincewa ba ce. Ba mu da hurumin sake wannan shari'a a shafin jarida. Abin da ya wajaba a kanmu shi ne mu san ma'aunin da alƙalai suke awo da shi, domin wanda bai san mudu ba, kullum gani yake an tauye shi.

Sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce duk wanda ake tuhuma ba shi da laifi sai an tabbatar. Sashe na 135 na Dokar Shaida ta 2011 kuwa ya ɗora wa mai gabatar da ƙara nauyin tabbatar da laifin har ya zama babu sauran shakka mai ma'ana. Akwai masu kiran a sassauta wannan ma'auni idan maganar fyaɗe ce. To, mu ba mu tare da su. A Ikko hukuncin fyaɗe ɗaurin rai da rai ne, in kuwa aka ce zargi kaɗai ya isa, wa zai fara shiga ciki? Maigadi ne, da mai shayi, da ɗan ga-ruwa, baƙon da ba ya jin harshen gari, ba shi da kuɗin lauya. Ma'aunin nan shi ne katangar talaka, kada a taɓa shi.

Amma akwai wani ma'auni na biyu da aka liƙa wa mata su kaɗai, wanda ya kamata a yi jana'izarsa tun tuni. Turawan mulki ne suka kawo mana shi. Tun ƙarni na 17 wani babban jojin Ingila, Matthew Hale, ya koyar da cewa zargin fyaɗe yana da sauƙin yi, yana da wuyar karewa, daga nan alƙalai suka ɗauki al'adar gargaɗin kansu cewa akwai haɗari a ɗaure namiji kan maganar mace in babu wata shaida mai ƙarfafa ta. A kan rashin irin wannan shaida ne Kotun Ƙoli ta soke hukunci a shari'ar Iko cikin 2001, alhali ita kanta ta yarda cewa doka ba ta wajabta hakan ba, al'ada ce kawai.

Jama'a, a duba mana. Sashe na 200 na Dokar Shaida ya ce ba a ƙayyade yawan shaidun da za su tabbatar da magana ba. In ɗan fashi ya tare ɗan kasuwa a hanya, kotu tana iya ɗaure shi kan shaidar ɗan kasuwar nan shi kaɗai, muddin ta gaskata shi. Me ya sa maganar wanda aka ƙwace wa jaka za ta tsaya da ƙafarta, ta wadda aka keta wa mutunci sai an tokare ta? Wa ya taɓa jin mai fyaɗe ya gayyaci 'yan kallo? Ingilar da ta haifi al'adar ta yar da ita cikin 1994, kotun Afirka ta Kudu ta bi sahu cikin 1998, ta Kenya cikin 2003. A nan gida ma Dokar Shaida ta 2011 ta hana lauya tonon tarihin mace da wasu maza sai da izinin kotu, abin da tsohuwar doka ta halatta. Duk da haka sashe na 218 na kundin laifuffuka na 1916, wanda jihohin Kudu suka gada, ya ce in an lalata yarinya 'yar ƙasa da shekara 13 sai a fara ƙara cikin wata 2, kuma shaidar mutum ɗaya ba ta isa ba. Yarinyar da aka tsorata da kisa tana iya shekara ba ta buɗe baki ba. Duk majalisar jihar da ta bar wannan sashe cikin kundinta, ta sani mafaka ta gina wa azzalumai.

Sai kuma mu fahimci aikin kotun afil. Ba ta ganin hawayen yarinya, ba ta jin rawar muryarta, takardun shari'a kawai take karantawa. Abin da ba ya cikin takarda, a wurinta bai faru ba. In ba a tabbatar da shekarun yarinya ba, ƙara ta raunana. In an ɗauki jawabin wanda ake tuhuma da Hausa ta bakin tafinta, sa'an nan ba a kira tafintan ya ba da shaida ba, jawabin ya koma ji-ta-ji-ta. In yaro bai kai shekara 14 ba, ba a rantsar da shi, kuma sashe na 209 ya ce ba a ɗaure mutum kan maganarsa sai da wata hujja mai ƙarfafa ta. Yawancin waɗannan ramuka a caji ofis ake haƙa su, cikin makon farko, lauyan mai afil kuwa neman su kawai yake yi.

A nan ne laifinmu yake, mu mazauna Kurmi. Da abu ya faru ga 'yar talla, sai a yi mata wanka, a wanke tufafinta, a kai magana zauren manya da sunan rufin asiri, a shafe kwana goma ana ba da haƙuri. Ran da sulhu ya watse aka nufi 'yan sanda, likita ba zai tarar da kome ba. Mun share sawu da hannunmu, sa'an nan mu zo muna zagin joji. Sarakunan Hausawa da masu unguwanni su sani fyaɗe ba rikicin bashi ba ne da za a kashe a zaure.

Abin yi a bayyane yake. Kada a yi wa yarinya wanka, a adana tufafin yadda suke, a kai ta asibiti a ranar, domin maganin kariya daga ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72. A Ikeja akwai Cibiyar Mirabel, wadda aka buɗe cikin 2013 a asibitin koyarwa na jihar, tana duba waɗanda abin ya shafa kyauta. A kai rahoto ga 'yan sanda, a tabbata an rubuta sunan tafinta. Kowane uba ya yanki takardar haihuwar 'ya'yansa tun yau. Wanda ya ga wani abu, ya daure ya je kotu ya faɗa.

Muna kira ga 'yan majalisa su share ragowar dokokin da ke tuhumar mace tun ba ta yi magana ba, alƙalai su auna shaidarta da mudun da suke auna ta kowa, mu kuma mu kai hujja tun tana da ɗumi. Kunne ya ji, jiki ya tsira.