Malami da Ƙarfin Zuciyar Almajiri

Ina so mu tattauna wani abu wanda ba a rubuta shi cikin tsarin darussa, amma in babu shi sauran darussa ba su da madogara. Abin nan shi ne yaro ya yarda da kansa, watau ya sakankance a zuciyarsa cewa in ya yi ƙoƙari zai iya.

Kusan kowane aji akwai yaron da ke zama can baya, ya san amsa amma ba ya ɗaga hannu, in an kira sunansa sai ya sunkuyar da kai. Yawancinmu mu kan ce daƙiƙi ne, mu wuce. Alhali sau da yawa tsoro ne ya ɗaure shi, tsoron dariyar 'yan'uwansa da tsawar malam. In ya shekara biyu ko uku a haka, sai shi ma ya gaskata cewa daƙiƙin ne, ya bar ƙoƙari. Daga nan makaranta ta yi hasarar mutum, ƙasa ma ta yi.

To, yaya za a yi maganin wannan? Waɗansu su kan ce a yawaita yabo. Ni a ganina yabo kaɗai ba ya isa, don yara suna da wayo, sun san yabon gaskiya, sun san na lallashi. Abin da ke kafa ƙarfin zuciya shi ne aikin da yaro ya gama da hannunsa, ya duba ya ga ya yi daidai. Wani masanin halayen ɗan Adam, Albert Bandura, na Jami'ar Stanford a Amurka, ya bayyana a 1977 cewa cikin abubuwan da ke sa mutum ya yarda zai iya, babu wanda ya kai nasarar da ya taɓa samu da kansa. Malaman makarantar allo sun daɗe da sanin haka. Su kan fara wa yaro da babbaƙu, sa'an nan farfaru, ba a wanke allo a yi masa ƙari sai ya biya abin da ke kai. Kowane wankin allo shaida ce gare shi cewa ya ci gaba. Mu ma haka ya kamata mu yi da lissafi da rubutu: a raba aiki ƙanana ƙanana, a ba yaro wanda zai iya in ya yi ɗan gumi, sa'an nan a ƙara masa. In za ka yaba, ka faɗi abin da ka ke yabo, kamar ka ce, “Yau ka jera lambobinka daidai, shi ya sa jimlarka ta fita.”

Abu na biyu shi ne zaton da malami ke yi wa yaro. A 1968 Robert Rosenthal da Lenore Jacobson suka buga labarin gwajin da suka yi a wata makarantar elementare a Kalifoniya. Sun gaya wa malamai cewa jarrabawa ta nuna waɗansu yara za su haɓaka cikin shekarar nan, alhali sunayen yaran ba bisa wata jarrabawa aka zaɓe su ba. Da shekara ta ƙare, sai aka tarar yaran nan, musamman na ƙananan azuzuwa, sun fi sauran ci gaba. Masana na baya sun ce bambancin bai kai yadda aka fara zato ba, amma sun yarda akwai shi. Dalilinsa kuwa ba ɓoyayye ba ne. Yaron da ka ke sa ran alheri gare shi, shi ka kan tambaya, ka jira shi ya yi tunani, in ya kuskure ka gyara masa. Wanda ka fid da rai da shi kuwa, kafin ya buɗe baki ka wuce kan wani. Sabo da haka kowannenmu ya ƙidaya, cikin mako guda, su wa ya tambaya, su wa ya tsallake.

Na san akwai dattawan da za su ce wannan hanya za ta lalata ladabi, ta koya wa yara fitsara da girman kai. Maganarsu abin saurare ce, gama kunya ado ce gare mu, ba wanda ke son yaro marar ta ido. Amma fa kunya daban, tsoro daban. Mai kunya ya kan durƙusa ya gai da malaminsa, sa'an nan ya yi tambayarsa cikin ladabi. Matsoraci kuwa ya kan tafi gida da jahilcinsa don kada a yi masa dariya. Ai Hausawa ne suka ce matambayi ba ya ɓata. Mai girman kai ya kan ce ya riga ya sani, mai yarda da kai ya kan ce bai sani ba tukuna, amma zai koya.

Saura mu malamai. Wanda hannunsa ke rawa gaban allo ba zai ba yara ƙarfin zuciya ba, kuma sau da yawa malamin da ya fi saurin ɗaukar bulala shi ne wanda ke tsoron a tambaye shi abin da bai shirya ba. Maganinmu ɗaya ne da na yaran, watau aiki. Ka shirya darasinka tun da dare, ka yi kowane lissafi da kanka kafin ka ba aji, gama ba a fafe gora ranar tafiya. In yaro ya tambaye ka abin da ba ka sani ba, ka ce za ka bincika, gobe kuwa ka zo da amsa. Wannan ba ya rage maka girma ko kaɗan.

Mu tuna kuma da magabatanmu. A 1933, sa'ad da Rupert East na Ofishin Fassara a Zariya ya nemi malamai su rubuta littattafan hira da Hausa, da yawa sun ga abin ba aikin malami ba ne. Waɗanda suka amsa har da samari waɗanda ba su daɗe da fita Kwalejin Katsina ba. Malam Abubakar Imam yana da shekara 22, yana koyarwa a Midil ta Katsina, ya rubuta Ruwan Bagaja; Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa kuma ya rubuta Shaihu Umar. A 1939 Imam ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, a 1957 Tafawa Ɓalewa ya zama Firayim Minista. Da sun ce wannan aiki ya fi ƙarfinsu, da hasarar ta zama tamu duka.

Don haka ina roƙonku, ranar da aka tura ku koyarwa, ku fara neman yaron nan na can baya. Ku ba shi tambayar da zai iya, ku jira shi, ku hana aji yi masa dariya. Allah ya ba mu haƙuri da basirar yin haka, amin.