Turai da Baƙin Haure: An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Duk lokacin da aka kai harin ta'addanci a Turai, 'yan siyasar da ke ƙyamar baƙi sukan ɗora laifin a kan 'yan gudun hijira, suna neman a rufe iyakoki. A ganinmu, wannan magana ta cancanci a auna ta da ma'aunin hujja.

A ranar 7 ga Yulin 2005, matasa huɗu suka tayar da bama-bamai a Landan, suka hallaka mutum 52. Uku daga cikinsu a Ingila aka haife su, na huɗun kuma tun yana ƙarami aka zo da shi daga Jamaika. Haka kuma wanda ya jagoranci harin Paris na Nuwamban 2015, inda mutum 130 suka rasu, haifaffen Beljiyam ne. A unguwannin Turai waɗannan yara suka tashi, makarantunta suka yi, can kuma masu mugun tunani suka farauce su.

Sai dai idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Biyu daga maharan Paris sun shiga ta Girka ne, sun saje da 'yan gudun hijira. Ɗan Tunisiyan da ya kutsa da babbar mota cikin kasuwar Kirsimeti a Berlin a Disamban 2016 kuwa, an riga an ƙi ba shi mafaka, jami'an tsaro sun san da shi, amma ba a mayar da shi gida ba. Wannan sakaci ne na hukuma, bai kamata a yi wa dubun-dubatar da suka gujo wa Da'ish kuɗin goro saboda shi ba.

Mu a Nijeriya mun ɗanɗana wannan. Bayan yunƙurin Umar Faruk Abdulmutallab na tarwatsa jirgin Detroit a Disamban 2009, Amurka ta tsananta binciken matafiyanmu, alhali mahaifinsa da kansa ya kai ƙorafi ofishin jakadancinta a Abuja tun kafin aukuwar lamarin.

Saboda haka muna kira ga gwamnatocin Turai su tantance masu shigowa da kyau, su riƙa musayar bayanan sirri, su kuma kula da matasan unguwannin da suka yi watsi da su. Malamai da iyayen da ke zaune can su ma su sa ido a kan abin da 'ya'yansu ke saurare a intanet, domin su ne za su fara kwana a ciki.